Daren da na zauna cikin Turawa suna dariyar kisan kai a Leeds

Ni dai ba kallon fim ne ya kai ni Ingila ba, bikin gama karatun ɗan yayata ne a Leeds, uwar ba ta samu biza ba ni na samu, kar ma ku tambaye ni yadda akai haka ta faru dan har yau in aka tada maganar sai ta harare ni. Aka ɗora min yaji da kuka da daddawa da saƙonni kaman mai tafiya aikin hajji, kilishin ne kawai na ajiye a Kano da yaron ya bugo yace Kawu dan Allah kar ka ɗauko nama, ba a shigowa da shi, za su karɓe kuma su ɓata maka lokaci. Na sauka Manchester cikin watan Disamba, muka hau jirgin ƙasa zuwa Leeds, kuma abun da ya fara ruɗa ni ba sanyin ba ne dukda sanyin ma ba na wasa ba ne, magariba ce, tun ƙarfe huɗu bata cika ba rana ta faɗi, kana idar da azahar ka ɗan zauna sai la'asar, ka juya sai magariba, kwana uku ina jin kaman wani ne ke sace min yini.

Bayan biki sai zaman gida ya ishe ni. Yaron yana aikin dare a wani gidan kula da tsofaffi, da rana barci yake, ni kuma ina zaune gaban hita ina danna waya. Gidan su huɗu suke haya, shi da wani Bayarabe ɗan Ibadan, da wata yarinya ƴar Pakistan da aka haifa a Bradford, sai wani Bature dogo siriri mai son finafinai kaman ya mutu, yana taimakawa a wata ƙaramar silima da ke nuna tsofaffin finafinai. Shi ne ya kawo mana tikiti biyu ran da yaron yake hutu. Ɗan yayata yace Kawu yau za ka yi dariya, fim ɗin barkwanci ne na ƴan ƙasar. Ni kuma da naji barkwanci sai raina ya tafi wajen marigayi Ibro, ko dai irin Mista Bin ɗin nan da baya magana, nace to bismillah ai gara haka da zaman hita.

Mu da muka taso a Kano mun san silima. Na shiga Plaza na shiga Marhaba ina saurayi, a ɓoye mana, dan in aka ji a gida ka kaɗe. A can ba kallo kawai ake ba, da ƴan kallo ake fim ɗin, in bos ya ɓuya bayan ƙofa sai kaji mutum ɗari suna gaya ma jarumi ga shi nan bayanka, in aka fara dambe wasu har miƙewa suke suna kai naushi a iska, ga hayaƙin sigari ga mai gyaɗa na zagayawa. To wannan ta Leeds ɗin da na shiga sai nace ko ɗakin ta'aziyya muka shigo bisa kuskure. Kujerun jajaye ne sun tsufa, mutane ba su kai tamanin ba a ƙiyasina, kuma yawanci ba yara ba ne, akwai ɗalibai amma akwai masu furfura da yawa, mata da miji, kowa ya naɗe rigar sanyinsa ya ɗora a cinya, in mutum zai wuce ta gabanka sai yace sori, kai da aka taka ma sai kace sori. Wata dattijuwa ce a gefena na dama, ta kai shekara saba'in, da ƴar jakarta da hular ulu, tai min murmushi nai mata.

Sunan fim ɗin Sightseers, wato ƴan yawon buɗe ido, na shekarar 2012, wani darakta Ben Wheatley ne ya yi shi, su kuma jaruman biyu Alice Lowe da Steve Oram su suka rubuta labarin da kansu. Saurayi ne mai jan gemu sunansa Chris, ya ɗauki budurwarsa Tina daga gidan uwarta mai mita, za su zaga ƙasa da irin ɗakin nan mai taya da ake ɗaura ma mota a baya a ja, a kwana a ciki a yi girki a ciki. Ba su da kyau na azo a gani, ba su da kuɗi, rigunan ruwa suke sawa iri ɗaya, ita saƙa take da kwarashi, shi kuma wai littafi zai rubuta. Minti goma sha biyar na farko babu abun da ya faru sai surutu, amma Turawan nan sai dariya suke ƙasa-ƙasa ta hanci, ni ko ina ta neman inda abun dariyar yake ban gani ba.

Sai suka isa wani ƙauye da ake ce ma Crich inda aka tara tsofaffin taragon lantarki na cikin gari ana hawa dan tuna da, wani mutum ya ɓare ayis kirim ya yar da takardar a ƙasan tarago. Chris yai masa magana cikin ladabi, mutumin ya ƙi ɗauka har ya ɗaga masa yatsa, wanda a wajensu daƙuwa ce. A nan na fara jin motsi a cikin ɗakin, wasu suka ja tsaki, tsakin su ba irin namu mai tsawo ba ne, ɗan gajere ne da harshe, amma dai tsaki ne, wato sun shiga ɓangaren Chris kenan. Ba a jima ba a wajen ajiye motoci Chris ya yi baya da motar ɗakin nan ya bi ta kan mutumin, jini na tsartuwa daga wuyansa matarsa da ƴaƴansa na kururuwa, kowa ya ɗauka haɗari ne, sai kyamara ta koma fuskar Chris sai ga ɗan murmushi a gefen bakinsa.

Wallahi ɗakin gaba ɗaya ya fashe da dariya. Ni ko abun da ya fito bakina shi ne innalillahi, kuma da ƙarfi ya fito, har na gabanmu ya waiwayo. Ɗan yayata ya taɓa min gwiwa yace Kawu a hankali. Na juya dama, dattijuwar nan ta sa hannu ta toshe baki kafaɗunta na rawa, hawaye har ya taru a idonta dan dariya, tana ganin na kalle ta sai tace min sori, bansan ko dariyar take ba ni haƙuri a kai ba ko mutumin da aka take.

Gaskiya raina ya ɓaci a lokacin. Mutumin da ya fito daga inda ake tashi da safe a ji an shiga ƙauye an kashe mutane, wanda ya taɓa bin hanyar Abuja zuwa Kaduna yana salati tun daga Zuba har Kakau, ba zai ga an take mutum gaban iyalinsa ya ji dariya ta zo masa ba. Nace a raina mutanen nan ƙoshi ne ya musu yawa, ba su san mutuwa ba shi yasa suka maida ta abun wasa. Na so in tashi in fita, amma sai na wuce ta gaban mutum takwas ina cewa sori sori, ga kuma sanyi a waje, sai na haƙura na zauna.

Zaman ne yasa na lura da wani abu. Da na daina kallon allon sosai na koma kallon mutanen, sai na ga ba lokacin da jini ya zuba suke dariya ba, a lokacin shiru suke wasu ma kauda kai suke, dariyar tana zuwa ne kafin kisan ko bayansa, wajen dalilin. Na biyu da aka kashe wani marubuci ne da suka haɗu a sansanin masu irin wannan ɗakin, laifinsa kawai ya fi Chris ɗaki mai kyau kuma shi ya riga ya buga littattafai, suka ma ɗauke karensa Tina ta canza masa suna. Na uku shi ne ya fi tada ɗakin, wani mai maganar manya da gani ɗan masu hali ne, ya tsare Tina wai sai ta kwashe kashin da karen ya yi a wajen tarihi, Chris ya zo ya fara tambayarsa ko makarantar kuɗi ya yi, daga nan ya farfasa masa kai da sanda, kuma da Tina ta nuna damuwa sai yace mata ai wannan ba mutum ba ne, mai karanta jaridar Daily Mail ne. Nan fa har da masu tafi, wani a baya dariya ta sarƙe shi ya kama tari.

Na raɗa ma yaron nace meye laifin jaridar kuma. Yace Kawu sai mun fita, dogon bayani ne, akwai siyasa akwai aji a ciki. Wani a bayanmu ya ɗan yi gyaran murya, wanda daga baya na gane a wajensu daidai yake da a ce maka dalla malam rufe mana baki.

Inda abun ya juya min shi ne da Tina ta fara nata kisan. Wata amarya da ƙawayenta suka fito shagalin kafin aure, ta sumbaci Chris cikin wasa, Tina ta bi ta waje ta hankaɗa ta ƙasa. Nan dariyar ta ragu sosai, wasu suka yi wata ƙara kaman an tsunkule su. Shi kuma Chris wai haushi yaji, wai ita kisanta babu tsari babu dalili, shi nasa ne mai ƙa'ida, suna ta rigima a mota kaman mata da mijin da ke faɗa kan cefane. To a nan ne fa, Allah Ya yafe min, naji dariya ta kufce min, dan na san irin mutanen nan, wanda in shi ya yi ɓarna gyara ne in kai kayi laifi ne, muna da su a kasuwa muna da su a gwamnati muna da su a cikin dangi. Sai kuma wajen da Tina taje gidan tarihin fensir ta sayi wani ƙaton fensir kaman taɓarya ta zauna tana rubuta masa wasiƙar soyayya da shi tana hawaye, nan kam ni da dattijuwar tare muka yi, har ta ɗan buge ni a hannu.

Wanda bai son a ɓata masa ƙarshen fim ya tsallake nan. Sun ƙona ɗakin nasu, suka hau kan wata doguwar gadar jirgin ƙasa suka riƙe hannu wai za su faɗa tare su mutu, ya ƙirga, ya taka iska, ita kuma ta saki hannunsa ta tsaya tana kallon tafin hannunta. Aka yi tsit na ɗan lokaci, sannan dariya ta taso daga baya ta biyo layi-layi har gaba, yawanci muryar mata. Ni dai nace kai! Aka kunna fitila, kowa ya kwashe kofinsa da ledarsa, ban ga ko tsinke a ƙasa ba, kuma inaga ranar ko mai halin yarwa ne ba zai yar ba.

A bakin ƙofa muna jiran Baturen gidan su ya gama tattara kaya dattijuwar ta tsaya tana ɗaura gyale, ta tambaye ni daga ina, nace Najeriya, Kano, tace ta ga na tsorata da farko. Nace Mama gaskiya abun ya ban mamaki, kashe rai a wajenmu babban abu ne, a addinina wanda ya kashe rai ɗaya kaman ya kashe mutane duka ne, kuma sai na ƙara da maganar da nake ta saƙawa a raina, nace ƙila dan ku baku saba ganin irin wannan a zahiri ba ne. Ta dube ni ta saman tabarau, ba fushi ba komai, tace a wannan garin ta yi ƴanmatancinta, lokacin Peter Sutcliffe.

Ban san sunan ba a lokacin, a hanyar gida yaron da Baturen suka cika min labarin. Direban babbar mota ne ɗan yankin Bradford, tsakanin 1975 da 1980 ya kashe mata 13 a Leeds da Bradford da Manchester da garuruwan kusa, ƴan sanda sun yi masa tambayoyi har sau tara suna sakinsa, sai a watan Janairun 1981 aka kama shi a Sheffield, ya mutu yana ɗaure a 2020. Ta ƙarshe da ya kashe ɗalibar jami'a ce a unguwar Headingley, unguwar da ɗalibai suka cika har yau. A shekarun nan ƴan sanda cewa sukai mata su daina fita da dare, matan Leeds kuma suka fito zanga-zanga cikin dare a 1977 suna cewa me yasa su za a kulle ba maza ba. Dattijuwar tace min a lokacin babanta ne ke zuwa tashar bas ya jira ta kullum in ta taso aiki, kuma kowace mace sai da ta taɓa duban wani namiji da ta sani ta tambayi kanta ko shi ne. Tace in da akan waɗannan matan akai fim ɗin dariya da ita ce ta farkon fita, amma wannan ai akanmu akai shi, mu da za mu ga mutum ya yar da shara mu ƙi magana mu tafi gida muna tafasa har kwana uku. Ta gyara jakarta tace min sai da safe ta bi layin bas.

Kunya ta kama ni ba kaɗan ba. Ga shi kuma Baturen ya ƙara min da Harold Shipman, likita a garin Hyde kusa da Manchester, wanda kotu ta kama da laifin kashe majinyata 15 a shekarar 2000, binciken da akai daga baya ya nuna sun haura 200, yawanci tsofaffin mata da suka yarda da shi. Ashe ni ne ban san su ba.

Shi Baturen in ya fara maganar fim sai ka ce masa ya isa. Yace ai abun ya daɗe a jininsu, tun 1949 akai wani mai suna Kind Hearts and Coronets inda wani mutum ke kashe danginsa ɗaya bayan ɗaya dan ya gaji sarauta, kuma ɗan wasa ɗaya Alec Guinness shi ya fito a matsayin ƴan gidan su takwas har da mace. Shi kansa Ben Wheatley fim ɗinsa na farko Down Terrace cikin kwana 8 ya ɗauke shi a Brighton, kusan duka a cikin gida ɗaya. Wannan da muka kalla kuma an fara nuna shi a bikin finafinai na Cannes a Faransa, kuma wai har karen ciki ya ciyo kyauta, dan akwai kyautar da ake ba karnukan fim a can, nace to wannan kuma sai ku. Hukumar tace finafinansu lamba 15 ta manna masa, wato ɗan ƙasa da shekara 15 baya shiga, shikenan. Na tuna hukumar tace finafinai ta Kano nai dariya ni kaɗai, wannan ko shafin farko na labarin ba zai wuce ba.

Ni a ganina rashin kuɗin nan ne yake sa abun ya kama su. Fim ɗin Amurka in za a yi mai kisa sai a kawo shi da kwat da wayo kaman aljani, ka san ba za ka taɓa haɗuwa da shi a layin biredi ba. Wannan ko ruwan saman na gaske ne, laka ta gaske, taliyar da suke dafawa a ɗan risho irin wadda kowa ke ci ce, mai kisan ma maƙwabcinka ne da ke ƙorafi kan inda ka ajiye mota. Ba a ƙawata komai ba balle ka ɓuya bayan kwalliyar.

Da yaron yace min gadar ƙarshen nan tana nan ba nisa, jirgi ɗaya ne daga Leeds, sai nace sai na gan ta. Ranar Asabar muka kama jirgin da ke zuwa Carlisle, ya bi ta Shipley da Bingley da Keighley da Skipton, Baturen ya nuna min Bingley ta taga yace nan Sutcliffe ya taso, gari ne lafiya lau da gidajen dutse da shaguna. Bayan Skipton wani saurayi da ke gefen mu ya gama cin soyayyen dankalinsa na leda, ya dunƙule ledar ya tura ta ƙarƙashin kujera da ƙafa. Jama'a ku zo ku ga ikon Allah. Babu wanda yace uffan. Wata mata da ke fuskantarsa ta dubi ledar, ta dubi mijinta, mijin ya dubi taga, leɓenta ya zama siriri kaman zare. Wani dattijo mai sandar hawan dutse ya sauke numfashi mai ƙarfi ya juya shafin jaridarsa da ƙarar da ta fi ƙarfin takardar. Haka aka tafi kusan minti ashirin, duk taragon ya san da ledar nan, shi ko saurayin abun jin kiɗa ne a kunnensa. Da ya sauka a Settle matar ta tashi ta ɗauko ledar da yatsu biyu ta kai kwandon shara, ta dawo ta zauna tana goge hannu, sai a sannan tace ma mijin wata kalma ɗaya a hankali. Da a motar Kano zuwa Zariya ne da tuni an yi ta ta ƙare, ko wani yace kai ɗan samari ɗauke abun nan, ko kuma ba wanda ma zai lura. Ni da yaron muka haɗa ido, na cije leɓe dan kar dariya ta fito.

Ribblehead ba gari ba ne, ƴar tasha ce da gidan saukar baƙi ɗaya sai tumaki da iska, iskar da ta kusa cire min hula sau biyu har na cusa ta aljihu. Ka ɗan taka kaɗan sai ga gadar, kuma hoto baya nuna girmanta. Baka 24 ne a jere irin bakan gizon da magina ke ɗaurawa a soron sarakuna amma na dutse, tsawonta wajen mita 400, tsayinta mita 32, bayanta ga dutsen Whernside ya sha hazo. An fara ginin a 1870 aka ɗau shekara huɗu zuwa biyar, leburori sama da dubu biyu suka zauna a bukkoki a wannan fili da matansu da ƴaƴansu, sama da mutum 100 suka mutu, wasu faɗowa wasu faɗa wasu cutar agana, da yawa an binne su a wata ƴar majami'a a Chapel-le-Dale can ƙasa. A shekarun 1980 an so rufe layin gaba ɗaya jama'a suka tashi tsaye, a 1989 gwamnati ta fasa. Na tsaya ƙarƙashin baka ɗaya na ɗaga kai har wuyana ya yi ciwo, na dafa dutsen, sanyinsa ya ratsa safar hannuna, ruwa na ɗiga daga sama ɗis ɗis.

Muna nan sai ga wasu mata da miji matasa da rigunan ruwa iri ɗaya, sun ba wani wayarsu ya ɗauke su. Suka hau wani ɗan tudu da gadar a bayansu suka riƙe hannu, mijin ya ɗaga ƙafa ɗaya kaman zai taka iska, matar ta saki hannunsa ta buɗe tafinta tana kallo da fuskar marar laifi. Sau uku suna maimaitawa dan hoton bai fito ba. Baturen namu ya kusa faɗuwa dan murna, yaje suka tsaya suna hira kaman sun shekara da sanin juna, Turawan da ko gaisuwa ba sa yi a jirgi.

Daren da zan taho suka ce sai an min kallon fim na sallama a gida, a kwamfutar Baturen, aka yi shinkafa da miyar da Bayaraben ya zuba ma barkono kaman da gayya. Wannan Prevenge ne na 2016, ita Alice Lowe ɗin ce dai ta rubuta ta ba da umarni ta kuma fito a ciki tana ɗauke da tsohon ciki na gaske, cikin kwana 11 aka ɗauke shi a Cardiff. Mace ce mijinta ya mutu a hawan dutse, aka yanke igiyar da yake rataye, ita kuma ta yarda jaririyar cikinta ce ke mata magana tana sa ta bin waɗanda ke wajen tana kashewa. Nan kan mu ya rabu. Yarinyar Bradford dariya take har da buga kujera, musamman in ungozoma ta fara yi ma matar magana da muryar lallashin yara wai yanzu jaririya ce ke da iko da jikinki, tace duk yayyenta haka akai musu. Bayaraben ya ajiye cokali yace shi fa bai ga abun dariya ba, wannan matar addu'a take buƙata, a garinsu da tuni an kai ta wajen masu roƙo. Ɗan yayata yana dariya yana satar kallona ko zan yi faɗa. Ni kuma sai tatsuniyar gayyar Gizo ta faɗo min, wadda ya gayyato kaza da muzuru da kare da kura da damisa da zaki gonarsa, kowa yazo sai ya kashe wanda ya riga shi, Gizo na gefe yana tara nama, kakata ke ba mu ita a tsakar gida muna birgima dan dariya kuma ba wanda ya taɓa ce mana mugaye. Na ba su labarin, Baturen ya ɗauko takarda wai zai rubuta, nace rubuta mana ai ba ta kowa ba ce.

Garin Keswick inda Tina ta sayi fensir ɗin ma mun leƙa kafin nan, da motar wani abokinsu, gidan tarihin fensir ɗin yana nan da gaske, da fensir ɗin da ya kusa mita 8, da waɗanda akai lokacin yaƙin duniya na biyu aka ɓoye taswira da ƴar na'urar nuna alƙibla a ciki dan matuƙan jirgin da aka harbo. Na sayo ma yara fensira masu kala, babban irin na Tina kuma na ɗaga na duba kuɗin na juya shi naira na ajiye musu abunsu.

Da na dawo Kano, daren farko da na fita majalisa bayan isha'i aka ce to Alhaji ba mu labarin Ingila. Na ba su na sanyi da na magariba aka yi ta mamaki, sai na ɗauko na fim ɗin, na tsara shi tiryan-tiryan, takardar ayis kirim, motar da tai baya, murmushin, har na kai wajen jaridar ina dariya ni kaɗai ina share hawaye, na ɗago na ga mutum bakwai suna kallona babu wanda ko haƙorinsa ya fito. Liman ɗin layinmu yace subhanallahi, to an dai kama su ko? Nace a'a Malam, shi dai ya faɗo daga gada, ita kuma tana nan. Aka yi shiru, mai shayi yana ta fifita gawayi. Can sai wani tela da bai ce komai ba tun farko yace to shi karen da suka sace fa, wa ya riƙe shi?